Kwana uku ina farautar 35 Hz a cikin EQ ɗin da na haɗa da hannuna

Abin ya fara ne da saƙon da abokin aikina ya turo min da daddare a kan wata waƙa da muke gyaran sautinta, yace "Malam, fayil ɗin nan da ka turo fa ba shi muka saurara jiya ba, ƙasan ya kumbura, kik ɗin kuma ya rasa naushi." Nace masa ai ko nob ɗaya ban murɗa ba, yadda muka tashi muka bar aikin haka na fitar da shi. Yace to saurara da kunnenka. Na saka hedifon na kunna fayil ɗin, na kuma buɗe aikin a REAPER, manhajar da muke haɗa sauti da ita, ina tsallakawa daga wannan zuwa wancan, wallahi kuwa gaskiyarsa ne, bambancin ba shi da yawa amma yana nan, can ƙasa, wato wajen sauti mai kauri, akwai wani nauyi da ya ƙaru, shi kuma dukan kik ɗin, wato babbar ganga, da ke bugun ƙirji ya ɗan yi laushi.

To ni dai in aka sauko ƙasa da 50 Hz bana sakin jiki da kunne. Sauti mai 30 Hz tsawon igiyarsa ɗaya ya haura mita 11, ya fi yawancin ɗakunan da ake aiki a ciki tsawo, shi ya sa zaka matsa taku biyu ka ji bes ya ƙaru ka koma baya ka ji ya ɓace. Shi kansa kunnen a can ƙasa bai da ƙarfi, a jadawalin ISO 226 sai sauti mai 31.5 Hz ya kai kusan 60 dB kafin ma mutum ya fara jinsa, alhali a 1000 Hz ɗan abu kaɗan sama da sifili ya isa. Don haka nayi gwajin shiru, na ɗauko fayil ɗin da na fitar na ajiye shi a layi guda, na kife fes ɗinsa (phase), wato na juya igiyar sautin sama ta koma ƙasa, na kunna shi tare da aikin. In abu ɗaya ne za su cinye juna a ji tsit. Ba a ji tsit ba. Wani gurnani ne ya rage daga kusan 60 Hz zuwa ƙasa yana tashi yana sauka tare da kik, sai kuma wani ɗan siririn abu can sama sosai wanda a lokacin ban kula shi ba.

Daga nan sai aikin kashe fulogin, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa sauti a cikin aikin, ɗaya bayan ɗaya ina sake fitarwa ina sake gwadawa. Bai ɗau lokaci ba, na huɗu da na kashe gurnanin ya tafi, kuma EQ ɗina ne, wato fulogin mai ƙara ko rage ƙarfin wani yanki na sauti, wanda na rubuta da C++ da JUCE, lissafin filtocin kuma na ɗauko su ne daga Audio EQ Cookbook na Robert Bristow-Johnson kamar yadda kusan duk mai fara wannan harka yake yi. A layin da kik da bes suka haɗu na saka bel guda, wato filta mai taɓa ɗan yanki ɗaya kawai, a 35 Hz, na rage 6 dB, Q na 4 (Q shi ne matsewar yankin), saboda akwai wani guɗa da ke taruwa a wurin duk lokacin da suka bugo tare. Wannan bel ɗin kaɗai ne a kunne a cikin fulogin ɗin.

Abu na farko da kowa zai yi shi nayi, na zuba hayaniyar pink, wato shuuu ɗin gwaji mai ɗauke da kowane firikwensi, a cikin EQ ɗin na ɗora analaiza, mai zana ƙarfin kowane firikwensi a allo, a bayansa. Abin da na gani a allo wani tudu ne mai santsi, babu alamar ramin da na haƙa a 35, sai ɗan lotsawa mai faɗi kamar an danna katifa da tafin hannu. Na ɗan tsorata, nace kenan filtar bata ma aiki yadda ya kamata tun asali. Sai da na leƙa saitin analaizan naga girman FFT ɗinsa, wato lissafin da yake rarraba sauti zuwa firikwensi-firikwensi da shi, sampul 4096 ne. Aikin yana kan sampul 48000 a sakan, ka raba da 4096 zaka samu 11.7 Hz, wato analaizan yana kallon sauti ne a gida-gida kuma kowane gida faɗinsa kusan 12 Hz. A can sama wajen 5000 Hz wannan ba komai bane, gidaje ɗaruruwa ne a cikin oktef ɗaya, wato daga firikwensi zuwa ninkinsa biyu, amma tsakanin 20 da 40 Hz gida biyu ne ma basu cika ba. Layin mai kyau da yake zana maka a wurin ƙirƙirarsa yayi, ɗigo biyu ya samu ya haɗa su da lanƙwasa. Ramina kuma faɗinsa bai wuce gida ɗaya ba, ina zai gan shi.

Na ɗaga shi zuwa 65536, kowane gida ya koma 0.73 Hz, nan ramin ya fito. Amma sai wata matsalar, yanzu kowane hoto ɗaya yana cin sakan 1.4 na sauti, ita kuma hayaniya ba ta tsayawa wuri ɗaya, layin sai rawa yake yi sama da ƙasa da dB uku huɗu, ni kuma bambancin da nake nema bai wuce hakan ba. Sai ka bar shi yana tara matsakaici na minti biyu uku kafin ya natsu. Akwai kuma karkata da yawancin analaizoji ke zuwa da ita, suna ɗaga sama su danne ƙasa don hoton waƙa ya yi kama da yadda kunne ke ji, wasu 3 dB a kowane oktef wasu 4.5. Hayaniyar pink da kanta tana sauka 3 dB ne a oktef, to in karkatar 4.5 ce zaka ga ƙasa yana gangarewa ka rantse akwai haifas, wato filta mai yanke ƙasa, a ɓoye alhali babu komai. Duk wanda zai auna filta ya fara duba waɗannan biyun kafin ya zargi kowa.

Na gwada da impols kuma, sampul ɗaya tak mai ƙarfi sauran duk shiru, a ɗauki abin da ya fito a yi masa FFT. Wannan ya fi hayaniya tsabta nesa ba kusa ba saboda baya rawa, amma shi ma yana da tarkonsa. Bel irin nawa in ka ƙyasta shi yana ci gaba da amo kusan milisakan 180 kafin ya sauka 60 dB, sampul 4096 kuma milisakan 85 ne kawai, kaga an datse masa wutsiya tun bai kai rabi ba, sai hoton ya fito da ƙananan tudu da kwari waɗanda babu su a filtar. Na tsawaita zuwa sakan biyu suka ɓace. Akwai lokacin da na ɗan yi tunanin in fitar da sautin ta katin sauti in dawo da shi ta waya in auna, amma nayi watsi da wannan, kafasitocin da ke bakin shiga da fita su ma haifas ne, za su ƙara nasu a kan abin da nake nema.

Bayan duk wannan gyaran kayan awo, sakamakon da na samu shi ne EQ ɗin lafiyarsa ƙalau. Rami a 35 daidai, zurfi 6 dB daidai, gefe da gefe ya koma sifili kamar yadda littafi yace. Na kwana da wannan a raina, ga shi kunne biyu sun ji bambanci, gwajin shiru ya tabbatar, amma awo yace babu laifi.

Washegari ina zaune ina kallon allon sai abin ya faɗo min, ai duk awon nan da nake yi ina yinsa ne aikin yana kunne kai tsaye, shi kuma ƙorafin a kan fayil ɗin da aka fitar ne. Ba abu ɗaya nake aunawa ba. Sai na canza hanya gaba ɗaya, na bar analaiza, na haɗa fayil na sain zalla, wato sautuka masu firikwensi ɗaya tak kowanne, 10, 20, 25, 30, 35, 37, 50 da 100 Hz, kowanne sakan 10 a -18 dBFS, na wuce da shi ta EQ ɗin na fitar da shi kamar yadda na fitar da waƙar. Kowane yanki na yar da sakan biyun farko don filtar ta gama daidaituwa, na karanta RMS, wato matsakaicin ƙarfi, na tsakiyar. Wannan hanyar tana da cin lokaci amma ba ta da wayo, babu gida babu karkata, lamba ta shiga lamba ta fito. A gefe kuma na lissafa da hannu abin da ya kamata kowanne ya bayar daga ainihin lissafin bel ɗin, don kar in tsaya ina cewa "kamar dai daidai ne".

Ga abin da na samu. A 35 Hz inda ya kamata -6.0 sai naga -5.3, a 37 kuma -7.1, wato ramin ya gusa sama kuma ya ƙara zurfi. A 30 Hz lissafi yace -2.4, fayil ya bada +0.9, bambancin ya haura dB uku. A 25 maimakon -0.7 sai +2.0, a 20 maimakon -0.3 sai +1.9, har a 10 Hz inda bel ɗin bai kamata ya taɓa komai ba akwai +1.7. Ta sama kuma, a 50 Hz inda naushin kik ɗin yake, ya kamata -0.7 amma -2.0 ne, sai a 100 ne ya kusa dawowa daidai. Ka duba wannan da abin da abokina ya faɗa, ƙasa ya kumbura kik ya rasa naushi, kalma da kalma haka lambobin suka ce. Kunnensa ya kama abin da ni sai da nayi kwana biyu kafin na iya rubuta shi a takarda, kuma tun ranar na ƙara ganin girmansa.

Siffar ce ta fi ɗaure min kai, bel ne amma da shelf, wato wani ɗagawa shimfiɗaɗɗe da ya kama duk ƙasan, manne a gindinsa wanda ba wanda ya saka. Zanen da ke fuskar fulogin ɗin kuma yana nan tsaf, rami mai kyau a 35. Wannan zanen ai ni na rubuta shi, yana lissafa layin ne daga nob-nob ɗin kai tsaye, bai taɓa tambayar filtar da ke sarrafa sautin me take yi ba, abin da aka nufa yake nunawa. Ina ganin fulogin da yawa haka suke, shi ya sa yanzu bana ɗaukar zanen fuska a matsayin shaida.

Me ya bambanta fitarwa da kunnawa a cikin fulogin ɗina? Abu ɗaya ne, obasamfilin. Watannin baya na lura cewa bel da na saka a 16000 Hz yana matsewa ta gefen dama idan ya doshi 24000, wanda shi ne rabin 48000, wannan halin lissafin Cookbook ne kuma sananne ne. Maganin da na bi shi ne a ninka yawan sampul a cikin fulogin, a yi aikin a can, a dawo da shi. Saboda yana cin CPU sai na tsara lokacin kunnawa babu ninki, lokacin fitarwa kuma a ninka sau 8, tunanina a lokacin duk abin da aka ƙara ninki ai inganci ne ya ƙaru. Wannan ɗan siririn abin da ya rage can sama a gwajin shiru ashe shi ne sawun ninkin. Kenan lokacin fitarwa bel ɗina na 35 Hz yana gudana ne a 384000.

Na sa maɓalli na wucin gadi don in iya zaɓar ninkin da hannu ina kallo. Babu ninki, daidai. Sau 2, sai ka ƙura ido kafin ka ga wani abu. Sau 4, ɗan shelf na ƙasa da rabin dB. Sau 8, ga shi nan ɓaro-ɓaro. Sannan na bar shi a sau 8 na kama nob ɗin firikwensi ina murɗawa a hankali daga 20 zuwa 40 ina kallon impols, kuma abin da na gani ba zan manta ba. Ramin baya tafiya, tsalle yake yi. Ina murɗawa yana tsaye cak, can sai ya daka tsalle ya dira gaba, wani lokacin ma ya koma baya alhali ni gaba nake murɗawa, shelf ɗin gindin kuma yanzu ya leƙo sama, anjima ya nutse ƙasa, anjima ya ɓace gaba ɗaya. A 35 na faɗa kan mummunan wuri ne kawai, da na ajiye shi ɗan gaba kaɗan wataƙila da har yau ban sani ba.

Tsalle irin wannan yana nufin lambobi sun ƙare, sai na koma kod. Filtar irin wadda ake kira baikwad ce, lambobi biyar take aiki da su, b0, b1, b2, a1, a2, kuma duka na ajiye su a fulot mai bit 32, wato wata hanyar da kwamfuta ke ajiye lamba mai ɗigo. Fulot yana da bit 24 na ainihin lamba, wato kusan lambobi bakwai zai iya riƙewa daidai, daga nan sai ya zagaye. Ga sauti kansa wannan ya isa har ya yi yawa, shi ya sa ban taɓa kawo komai a raina ba. Amma ka duba yadda lambobin filtar suke a 384000, a1 kusan -1.9998, a2 kusan 0.9998. Inda filtar za ta zauna ba ya cikin ɗayansu shi kaɗai, yana cikin abin da ya rage in ka haɗa 1 da a1 da a2, kuma a 35 Hz abin da ke ragewa 0.00000033 ne. Shi kuma fulot a kusa da 1 ƙaramin takun da zai iya yi kusan 0.00000006 ne. Raba ka gani, taku biyar da rabi. Rabin taku kuma babu shi, ko biyar ko shida.

Kamar mutum ne yana son sanin nauyin allura, sai ya jefa ta a cikin buhu ya ɗora a sikeli, ya cire ta ya sake ɗorawa, ya ce bambancin shi ne nauyinta. Sikelin ba ƙarya yayi ba, buhu aka ba shi ya auna.

Da na lissafa sai komai ya zauna. A 384000 wuraren da irin wannan filtar za ta iya tsayawa a ƙasa da 40 Hz ƙidayayyu ne, kusan 15, 21, 26, 30, 33, 37 da 39 da rabi, tsakaninsu babu komai. Bel kuma kashi biyu ne, na sama mai b da na ƙasa mai a, ya kamata su tsaya wuri guda don su soke juna a nesa da tsakiya. A nawa na saman ya zagaye zuwa shida, wato kusan 36.5 Hz, na ƙasan ya zagaye zuwa biyar, kusan 33.4 Hz. Shida bisa biyar 1.2 ne, a dB kuma kusan 1.6, ga shelf ɗin da na gani a 10 Hz. Na sa waɗannan lambobi biyu a lissafin na sake fitar da abin da kowane sain zai bayar, suka zo daidai da abin da na auna, a nan ne hankalina ya kwanta. A 48000 kuwa takun 352 ne, kuskuren taku ɗaya bai kai 0.03 dB ba, shi ya sa duk awon daren farko ya fito fes. Duk ninki biyu na sampul yana raba yawan takun gida huɗu, 352, 88, 22, biyar da rabi.

Wani abu da ya kamata in faɗa game da haifas, don shi ma na gwada shi kuma ya kusa wuce ni. Na saka shi a 30 Hz, 12 dB a oktef, Q 0.707, na auna a 30 ɗin na samu kusan -3 a kowane ninki, sai nace to wannan ya tsira. Bai tsira ba. A daidai wurin yankan kuskuren baya bayyana sosai, ko filtar ta zame zuwa 33 abin da zaka gani a 30 bai wuce -3.1 ba. Sai ka sauka oktef ɗaya, a 15 Hz inda ya kamata -12.3, nan zaka ga -13.7 in ta zame sama ko -10.7 in ta zame ƙasa. Wanda ya auna ɗigo ɗaya ya tashi zai tafi da tabbacin ƙarya.

Ga kuma hayaniya. Ba lambobin filtar kaɗai ake zagayewa ba, kowane sampul da ta lissafa ma ana zagaye shi, kuma ɗan kuskuren yana komawa cikin filtar ya zaga ya taru a ƙasa inda take da amo. A baikwad irin wannan duk ninki biyu yana ƙara wannan hayaniyar kusan 9 dB, sau 8 kenan kusan 27. Na zuba sain mai 1000 Hz na kalli ƙasa da 60, inda ya kamata ya zama fili, sai ga wani ɗan tudu yana motsi, in na rage sain ɗin ya ragu in na ƙara ya ƙaru. A cikin waƙa kik zai rufe shi amma yana nan.

Gyaran farko da nayi bai yi aiki ba. Na maida lissafin cos da sin da rabawar zuwa dabul, wato babban yayan fulot mai bit 64, amma a ƙarshe na zuba sakamakon cikin fulot ɗin nan dai, tsallen ya ɗan canza wuri amma bai tafi ba, dama ai matsalar a wurin ajiyar take. Sai na maida komai dabul, lambobi biyar ɗin da ma'ajiyar sampul na baya, sauti ya shigo a fulot a juya shi a yi aiki a maida shi a bakin fita. Dabul yana da bit 53, takunsa ya fi na fulot ƙanƙanta sama da sau miliyan 500. Na murɗa nob, ramin ya bi hannuna sumul babu tsalle ko ɗaya, tudun hayaniyar ma ya nutse.

Da na tsaya nan ma ya isa, amma tunda na riga na buɗe cikin abin sai na ci gaba na gwada wani tsarin gina filta na daban, SVF, irin wanda Andrew Simper na Cytomic ya rubuta bayaninsa. A wannan tsarin firikwensi baya ɓuya a bambancin manyan lambobi biyu, yana da lambarsa ta kansa, g, wato tan na π sau 35 bisa 384000, kusan 0.000286. Fulot kuma in lamba ƙarama ce takunsa ma ƙanƙancewa yake, don haka lambobi bakwai ɗin nan duka suna tafiya ne a kan allurar, babu buhu. Siffar da yake bayarwa ɗaya ce da ta Cookbook, kuma ya fi haƙuri in ana murɗa nob sauti na tafiya, ɗan ƙas-ƙas ɗin da nake ji da in nayi otomeshin, wato na sa manhaja ta riƙa murɗa nob da kanta, da sauri a ƙasa shi ma ya tafi. Shi na bari, kuma a dabul. Sannan na cire duk bel da shelf na ƙasa daga cikin ninkin kwata-kwata, matsewar da na kawo obasamfilin dominta a sama take, filtar 35 Hz ba ta da abin da za ta samu a 384000.

Ina cikin sake awon na ci karo da abubuwa biyu da suka yi kama da laifi amma ba laifi bane. Na farko, haifas ɗina in na sa shi a 24 dB a oktef yana bada -6 a wurin yanka maimakon -3. Dalili shi ne na jera biyu masu Q 0.707 ne, wannan kuma irin filtar da ake kira Linkwitz-Riley kenan, in Butterworth mai bada -3 ake so sai ɗaya ya zama 0.541 ɗayan 1.307. Na gyara saboda abin da na rubuta a fuska Butterworth ne. Na biyu, in ka sa haifas a kan kik sai ka ga mita ta nuna ƙololuwa ta ƙaru alhali cirewa kayi. Wannan aikin juyawar fes ne, a wurin yanka filtar 12 dB tana juya shi digiri 90, a 30 Hz kuma tana jinkirta abin da ke wurin kusan milisakan 7.5, sai sassan dukan su sake jeruwa wata ƙololuwar ta fito. Kowace haifas irin wannan haka take yi, wannan na bar shi yadda yake.

A rana ta uku na sake wuce da fayil ɗin sain takwas ɗin a kowane ninki, kuma ta hanyar fitarwa, ba kunnawa ba. 35 ya bada -6.0, 30 ya bada -2.4, 50 ya bada -0.7, 10 ya koma kusan sifili, duka ninkin huɗu abu ɗaya. Na ƙara da suwip, wato sain mai hawa oktef-oktef, irin wanda Angelo Farina ya gabatar a taron AES, ƙungiyar injiniyoyin sauti, a 2000, daga 5 Hz har sama cikin sakan 30, don shi yana ba kowane oktef lokaci daidai kuma ƙasa yana samun rabonsa, layin ya hau kan na lissafi ban iya raba su da ido ba. Fayil ɗin sain ɗin da lambobin da ake tsammani na ajiye su a cikin gwaje-gwajen kod ɗin, a 44100, 48000, 96000 da 192000, duk sanda na taɓa filta za su gudana da kansu su yi ƙara in wani ya kauce da fiye da 0.1 dB. Zanen fuskar ma na canza shi ya riƙa karanta ainihin lambobin da filtar ke aiki da su.

Na sake fitar da waƙar, nayi gwajin shiru, gurnanin babu shi sai ɗan siririn nan na sama wanda yanzu na san ko menene. Na tura masa ban faɗa masa me na canza ba. Bayan kamar minti goma ya rubuto, "Yauwa Malam, wannan shi ne na jiya."